Sake tunanin hannun gem na aikin kammala karatu: daga ina gyara zai fara?

Duk shekara idan lokacin aikin kammala karatu ya zo a sashen lantarki ko na kwamfuta, a jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, ba a rasa ɗaliban da za su zaɓi haɗa hannun gem, wato abin da ake riƙewa a danna don buga wasan bidiyo. Zaɓi ne mai kyau. Kayan ba su fi ƙarfin aljihu ba, aikin ya haɗa lantarki da manhaja da ƙira, kuma ranar kare aiki akwai abin da za a ɗora a tebur malamai su taɓa da hannunsu. Sai dai samfurin farko kusan kullum kamanninsa ɗaya ne: allon Arduino Uno (ƙaramin allon lantarki mai ƙwaƙwalwa da ake rubuta wa manhaja), allon gwaji mai ramuka, ƙananan maɓallai masu ƙafa huɗu, sandar analog guda da aka saya a haɗe, da tarin wayoyi kala-kala, duk an cusa su cikin robar abinci ko akwatin katako an bi da gam. Yana aiki, domin in an danna maɓalli lamba tana fitowa a fuskar kwamfuta. Amma a miƙa shi ga yaron da ya saba buga ƙwallo a gidan gem, ba zai yi minti biyar ba zai ajiye.

Idan malami ya ce a je a sake tunani, abin da yawancin ɗalibai ke ji shi ne a ƙara kaya. Sai a sa Bluetooth, a sa fitilu masu launi, a sa injin girgiza. Ni a ganina ba ƙarancin kaya ne ciwon ba. Ciwon yana cikin jerin da aka bi: an fara da allo, aka zo kan maɓallai, sai a makon ƙarshe aka tuna cewa mutum ne zai riƙe abin. Gyaran gaskiya shi ne a juya jerin. A fara da wasan, a zo kan hannun mai wasan, sannan maɓalli, allo ya zo daga baya.

Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan ramin. Lokacin da Microsoft ta fitar da Xbox na farko a 2001, hannun da ya zo da shi ƙato ne, wanda aka fi sani da Duke. Denise Chaudhari, wadda ta zana jikinsa, ta bayyana daga baya cewa an riga an tsayar da girman allon lantarkin da ke ciki kafin aikin ya iso gare ta, abin da ya rage mata shi ne ta yi masa gida. Masu ƙananan hannu suka sha wahala da shi. A 2002 kamfanin ya fitar da ƙarami mai suna Controller S, da farko don kasuwar Japan, daga baya shi ne ya maye gurbin ƙaton a ko'ina. Tela ba ya yanka yadi sai ya gwada mai rigar, kuma hannun gem abu ne da ake ɗinka wa tafin hannu.

Tambayar farko ke nan: wane wasa za a buga da shi? Amsar da ake yawan ji ita ce kowane wasa, kuma ita ce amsar da ke kashe aikin. Tetris maɓalli huɗu ko biyar ya ishe shi: hagu, dama, ƙasa, juyawa. Tsofaffin wasannin NES, na'urar wasa ta kamfanin Nintendo, takwas suke nema. Wasan tseren mota abin da yake so shi ne sitiyari mai juyawa a hankali da totur da birki, yawan maɓallai bai dame shi ba. Wasan ƙwallo na zamani kuwa yana neman sandar analog biyu da maɓallai fiye da goma, har da na kafaɗa. Ɗalibin da ya ce zai yi na kowane wasa ya shiga takara da Sony da kuɗin aljihunsa, kuma ko hannun USB mafi araha a kasuwa zai kayar da shi. Wanda ya zaɓi wasa ɗaya ko iyalin wasa ɗaya, shi ne zai iya cewa nawa ya fi na kasuwa a wannan wuri, ga kuma hujja.

Bayan an tsayar da wasa, a ajiye dalma da wayoyi tukuna. A sami kwali mai kauri, ko soso mai tauri, ko yumɓu, a yi siffar jikin hannun babu komai a ciki. A ba mutane daban-daban su riƙe, kuma kada a tsaya kan abokan ɗaki masu hannu iri ɗaya: a haɗa da 'yan mata, a haɗa da ƙanne. A ce kowa ya rufe ido ya sauke babban yatsansa inda ya fi masa daɗi, a shata wurin da biro. Abin da zai fito fili shi ne babban yatsa ba ya tafiya a miƙe, baka yake yi daga gindinsa. Allon gwaji kuwa ramukansa a jere suke, tazarar milimita 2.54 tsakanin kowane biyu, shi ya sa maɓallan samfurin farko ke fitowa a layi ɗaya, yatsa yana tsallake biyu kafin ya kai na uku. Tun daga Super Nintendo na 1990 aka koma jera maɓallai huɗu sama da ƙasa da hagu da dama, yadda yatsa zai zauna a tsakiya ya kai ga kowanne da ɗan motsi. Hannun Super Nintendo ne kuma ya kawo maɓallan kafaɗa, saboda manuniya dama can a gefen sama take kwance ba ta aikin komai. A 1994 PlayStation ta ƙara ƙahoni biyu na riƙewa, don sauran yatsu su ɗauki nauyin. Wannan gwajin kwali yini ɗaya ne, kuma shi ne ke tsayar da girman duk abin da za a saya nan gaba. Tun ran gini ran zane.

Maganar maɓalli ta cancanci a daɗe a kanta, domin nan ne mai wasa ke yanke hukunci. Ɗalibi ya je wurin mai gyara ko gidan gem ya nemi mataccen hannun USB irin na kwamfuta, ya kwance bayansa ya duba. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai shimfiɗar roba mai laushi da ɗan tudu, a cikin tudun akwai baƙin ɗigo na kabon. A kan allon kuma, daidai wurin, akwai layuka biyu da suka shiga tsakanin juna ba tare da sun taɓa ba. Idan an danna, tudun robar ya ɗan yi gardama sannan ya faɗa, baƙin ɗigon ya haɗa layukan biyu, wuta ta wuce. Wannan 'yar gardamar da faɗawar ita ce yatsa ke ji ya san ya danna, kuma robar ce ke tare bugun don kada yatsa ya gaji. Ƙaramin maɓalli mai milimita 6 da ɗalibai ke saye an yi shi ne don a riƙa taɓa shi jefi-jefi, irin na saita agogo ko kunna na'ura. Tafiyarsa kusan rubu'in milimita ce, kansa ƙarami ne mai tauri, kuma mai wasa zai danna shi ɗaruruwan sau a zama ɗaya. Bayan minti goma shatarsa tana kan yatsa.

Mafita ta danganta da siffar da gwajin kwali ya bayar. In abin riƙewa ne a tafi, babu laifi ko kaɗan a ɗauki jiki da robobin mataccen hannu a sake musu ƙwaƙwalwa, muddin an faɗi haka a rahoto. Wasu na ganin wannan kamar satar amsa ce. Ban yarda ba: sanin abin da ya kamata a ƙera da abin da ya kamata a ɗauko a shirye, shi ma injiniyanci ne. In kuwa akwati ne da za a ɗora a cinya ko tebur, maɓallan gidan wasa masu faɗin milimita 30 da 24 sun fi komai sauƙi, kafinta ya huda rami a cusa su, kuma ƙafafunsu na karɓar waya ko ba dalma. Abu ɗaya da za a kiyaye shi ne siffar ramin. Famicom na farko, wato NES na Japan, da Nintendo ta fitar a 1983 maɓallansa na A da B masu kusurwa huɗu ne, kuma sukan maƙale a jikin hannun idan an danna, dole kamfanin ya mayar da su zagayayyu. Ramin da aka yanka da wuƙa a jikin roba zai maimaita wannan matsalar.

Akwai wani ɗan sirri a maɓallin kibiyoyi, wanda Gunpei Yokoi da abokan aikinsa suka fito da shi a ƙaramin wasan Game & Watch na Donkey Kong a 1982. Roba ɗaya ce mai ɗan tudu a ƙarƙashin tsakiyarta, tana rinjaya gefe ɗaya a lokaci ɗaya, saboda haka ba ya yiwuwa a danna hagu da dama tare. Ɗalibin da ya sa maɓallai huɗu masu zaman kansu ya cire wannan kariyar, kuma wasu wasannin sukan rikice idan saƙon hagu da na dama suka iso lokaci guda. Layi biyu na manhaja sun isa: in an danna biyun tare, a aika tsakiya. Abin ba wasa ba ne, har kamfanin Capcom ya sa doka a kansa a gasanninsa na 2023.

Sai yanzu allo ya shigo. Arduino Uno na ƙarni na uku, wanda aka fi samu a hannun ɗalibai, shi ne kusan mafi rashin dacewa da wannan aiki, kuma dalilin yana cikin yadda USB ke aiki. Akwai rukunin na'urori da ake kira HID, wanda allon rubutu da linzamin kwamfuta da hannun gem ke ciki. Da zarar an soka irin wannan na'ura, takan gabatar da kanta ga kwamfuta: ni hannun gem ce, maɓallaina goma sha biyu, sandata ɗaya. Windows da Linux da Android duk sun san wannan yaren, ba sa neman a girka komai. Ƙwaƙwalwar Uno, wato ATmega328P, ba ta da USB a jikinta. Wani cif na biyu ne ke tsakaninta da kwamfuta, aikinsa kawai kai haruffa da kawowa. A kan Uno na asali wannan cif ɗin ATmega16U2 ne, ana iya sake masa manhaja ya zama HID, da ɗan wahala. A kan yawancin kwaikwayon da ke kasuwa kuwa CH340 ne, shi kuma ba ya karɓar sabuwar manhaja sam. Daga nan ne ɗalibi ke rubuta wani ɗan shiri na Python a kwamfutarsa, yana karanta haruffan yana mayar da su dannawa. Sakamakon shi ne hannun da ke aiki a kwamfuta ɗaya tak a duniya. Ranar da aka ce a gwada a ta malami, shi ke nan.

Allon da ke ɗauke da ATmega32U4, kamar Leonardo da ya fito a 2012 ko ɗan ƙaramin Pro Micro, USB ɗinsa a cikin ƙwaƙwalwar yake, saboda haka yana gabatar da kansa a matsayin hannun gem kai tsaye. Raspberry Pi Pico, wanda ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4, shi ma haka, har akwai manhajar kyauta mai suna GP2040-CE da aka rubuta musamman don hannayen gem a kansa. Kowanne da tarkonsa. Pico yana da ƙafafu 26 na amfani, amma uku kaɗai ke karanta analog, alhali sandar analog biyu huɗu take nema, sai an ƙara wani cif kamar CD4051. Kuma da bolt 3.3 yake aiki, wanda ya ba sandar bolt 5 ya mayar da ita kan ƙafarsa zai iya ƙona ta. Pro Micro kuwa an san shi da raunin soket: ɗan ƙaramin bakin USB ɗinsa a saman allo aka liƙa shi, fizgar waya ɗaya na iya ɓalle shi. A ɗaure wayar a jikin akwatin tun daga ciki, yadda in an ja, akwatin ne zai ji ba allon ba. Wani gargaɗin kuma: in an sa allon ya yi kamar allon rubutu, kuskure ɗaya a manhaja zai sa ya dinga zuba haruffa ba tsayawa, har gyaran ya gagara. A ware maɓalli ɗaya da sai an kunna shi za a fara aikawa.

Ya kamata a rubuta tun a babin farko wace na'ura hannun zai yi wa aiki. Wasannin kwamfuta da yawa tun daga zamanin Xbox 360 na 2005 tsarin XInput na Microsoft kawai suke ganewa, hannun HID na gama-gari sai an bi da shi ta manhajar wasanni ta Steam ko wani shiri mai fassara. PlayStation 4 kuma tana tantance hannun da aka soka mata, wanda ba shi da lasisi takan yanke shi bayan kusan minti takwas. Kwamfuta ko wayar Android ta hanyar OTG (mahaɗin da ke ba da damar soka na'urar USB a waya) su ne filin da ɗalibi zai iya cika alkawari a kansa.

Haɗa maɓallai da allo ba ya buƙatar dogon bayani. Kowane maɓalli ƙafa ɗaya zuwa allo, ɗaya zuwa GND (ƙafar da wuta ke komawa ta ita), a kunna rizistan da ke cikin ƙwaƙwalwar ta manhaja, ba sai an sayi na waje ba. Wasu kan ɗauko tsarin layi da ginshiƙi don su sami maɓalli 16 da ƙafa 8, su manta cewa in an danna uku a lokaci ɗaya na huɗu na iya bayyana alhali ba wanda ya taɓa shi, sai an sa dayod irin 1N4148 a kowane maɓalli. A wasa kuwa danna uku tare abin yau da kullum ne. In ƙafafu sun isa, a haɗa kai tsaye. In ba su isa ba, hanyar da NES ta bi har yau tana da kyau: cif ɗaya mai lamba 4021 yana ɗaukar yanayin maɓallai takwas a lokaci guda, ya tura su ɗaya bayan ɗaya ta waya ɗaya, wayoyi biyar ke nan gaba ɗaya har da na wuta.

Inda aka fi yin asarar da ba a gani shi ne wurin tsallen maɓalli. Ƙarfe biyu idan sun haɗu ba sa zama nan take, sukan taɓa su rabu su sake taɓawa sau da yawa cikin 'yan milisakan (milisakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan) kafin su natsu. Ƙwaƙwalwar tana da saurin da za ta ƙirga kowane taɓawa a matsayin danna daban, shi ya sa ɗan wasan ke tsalle sau biyu da danna ɗaya. Maganin da aka fi kwafowa daga intanet shi ne a sa umarnin delay na milisakan 50 bayan kowane karatu. A yi lissafi. Wasan da ke sabunta hoto sau 60 a sakan, kowane hoto milisakan 16.7 ne. Jiran milisakan 50 hoto uku ne cur, kuma a tsawon wannan jiran allon ba ya sauraren sauran maɓallan ma. Mai wasa ba zai iya faɗin dalili ba, abin da zai ce kawai shi ne hannun yana da nauyi. Hanya mafi kyau ita ce a karɓi taɓawar farko nan take a aika, a rubuta lokacin, sannan a yi watsi da duk canjin da wannan maɓallin kaɗai ya yi na milisakan 5 zuwa 10, sauran maɓallai suna ci gaba da aikinsu. USB na irin waɗannan allunan yana iya kai rahoto duk milisakan 1, saboda haka duk jinkirin da ya fito daga hannun, a manhajar ɗalibi yake.

Sandar analog kuwa, in aka buɗe ta, bolum biyu ne irin na rediyo, ɗaya na hagu da dama, ɗaya na sama da ƙasa, da sifirin da ke mayar da sandar tsakiya. ATmega32U4 yana mayar da matsayinta lamba daga 0 zuwa 1023, tsakiya a takarda 512. A zahiri sandar na iya tsayawa a 498 yanzu, a sake ta ta tsaya a 530, kuma lambar tana ɗan rawa ko ba a taɓa ba. In aka tura wannan yadda yake, ɗan wasan zai dinga tafiya shi kaɗai. Abu biyu ake yi. Na farko, duk lokacin da aka kunna, allon ya karanta inda sandar take ya ɗauke shi a matsayin tsakiya. Na biyu, a ware ɗan fili a kewayen tsakiya inda ba a kula da motsi. A nan ma akwai bambanci: in an auna hagu da dama daban, sama da ƙasa daban, filin zai fito da kusurwoyi, sandar ta riƙa fizgewa zuwa miƙaƙƙen layi idan ana son tafiya a karkace. In an auna nisan sandar daga tsakiya gaba ɗaya, filin ya zama da'ira, motsin ya yi laushi. Wannan ɗan lissafin Pythagoras ne na sakandare, kuma shafi biyu ne masu kyau a rahoto.

Bolum yana cinyewa, domin ƙarfe ne ke goga kan kabon. Nintendo ta sha wannan da hannayen Joy-Con na Switch da ya fito a 2017, har shugaban kamfanin, Shuntaro Furukawa, ya ba da haƙuri a 2020. A wurinmu ƙurar hunturu tana ƙara gaggauta abin, musamman in an bar ramin sandar a buɗe ba tare da hular da ke rufe shi ba. Akwai sanda mai aiki da maganaɗisu wadda babu gogayya a cikinta, irin wadda Sega ta sa a Dreamcast tun 1998. In an samu, madalla. In ba a samu ba, tambayar da ta fi amfani ita ce ko wasan da aka zaɓa yana buƙatar analog ma. Sau da yawa ba ya buƙata, kuma cire ta ya rage rabin matsalar.

Game da mara waya, shawarata a bar shi sai in shi ne ainihin batun binciken. Ɗan allon Bluetooth na HC-05 da aka fi saye haruffa kawai yake kaiwa, ba ya gabatar da kansa a matsayin hannun gem, an koma matsalar Uno ke nan. Allon ESP32 yana iyawa, amma a Bluetooth mai ƙarancin cin wuta mafi ƙanƙantar tazarar saƙo milisakan 7.5 ce, kuma na'urar da aka haɗa da ita na iya zaɓar wadda ta fi haka. Sannan ga batir: 18650 yana kai bolt 4.2 in ya cika, yana buƙatar allon caji kamar TP4056 mai kariya, da mai daidaita wuta, da makunni, da wurin zama a cikin jikin da aka riga aka auna. Batirin lithium da aka cire daga tsohuwar laftaf aka cusa cikin roba ba kariya haɗari ne na gaske a tafin hannun yaro. Wayar USB mai tsawon mita biyu ta kawar da duk wannan, ta kawo bolt 5 da wutar da ta ishi aikin. Injin girgiza ma haka: ƙafar ATmega ba ta son a ja mata fiye da miliamfa 20, injin kuwa ya fi haka ci, sai da tiransista da dayod, kuma sai wasan ya san yadda zai aiko da umarnin girgizar, wanda wani aiki ne daban.

Jikin hannun shi ne zai sha zafi da faɗuwa. Allon gwaji na gwaji ne, wayoyinsa a soke kawai suke, tafiya ɗaya a adaidaita sahu zuwa makaranta ta isa ta zare guda, kuma gano wacce ce a gaban malamai ba abu ne mai daɗi ba. A mayar da komai kan allon dalma, a yi amfani da soket inda za a so cirewa. Gam mai narkewa yana saki in ya ji zafi, robar PLA da ake buga siffa da ita kuma tana fara laushi wajen digiri 60, wanda cikin motar da aka rufe a rana a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri na iya kusantarsa. Katako mara kauri da noti ya fi su amana, kuma yana buɗuwa in ana son gyara.

Akwai wata hanya da nake fatan ɗalibai da yawa su duba. A 2018 Microsoft ta fitar da Xbox Adaptive Controller don masu buƙata ta musamman: faffaɗan allo mai manyan maɓallai biyu, da ramuka 19 irin na abin sauraren kunne mai milimita 3.5, kowane rami yana wakiltar maɓalli ɗaya, mutum ya soka irin makunnin da jikinsa ke iya dannawa, da ƙafa ko gwiwar hannu ko haɓa. A lantarki babu abin da ya fi wannan sauƙi, waya biyu ce, ɗaya zuwa ƙafar allo ɗaya zuwa GND. A unguwanninmu akwai wanda haɗarin babur ya raba da hannu, akwai wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, akwai yaron da yatsunsa ba sa riƙe ƙaramin abu, kuma ba kasafai ake ganin hannun da aka yi dominsu a kasuwa ba. Ɗalibin da ya zauna da mutum ɗaya irin wannan, da yardarsa, ya ƙera masa abin da zai buga wasa da ƙannensa, ya yi aikin da ba ya takara da kowa, kuma dole ta sa zai fara daga jikin mutum.

Abin da ya rage shi ne awo, kuma nan ne babi na huɗu na yawancin rahotanni ke zama fanko, jimla ɗaya ce cewa an gwada kuma ya yi aiki. Kayan awon suna aljihu. A Windows, rubuta joy.cpl yana buɗe tagar da ke nuna kowane maɓalli da matsayin sanda. Don auna jinkiri, a haɗa 'yar fitila da maɓalli yadda za ta kama da zarar an danna, a ɗora ta kusa da fuskar kwamfuta, a ɗauki bidiyo da wayar da ke ɗaukar hoto 240 a sakan. Kowane hoto kusan milisakan 4.2 ne. A ƙirga hotunan da ke tsakanin kamawar fitila da motsin ɗan wasan, a maimaita sau 20 ko 30, a fitar da matsakaici. Lambar ta haɗa da jinkirin wasan da na fuskar kwamfutar, saboda haka a yi wa hannun kasuwa irin wannan awon a kwamfuta ɗaya da wasa ɗaya don a sami ma'auni. A danna maɓalli sau 200 a ƙirga sau nawa ya ninka ko ya ɓace. A saki sanda sau 50 a rubuta inda ta tsaya, daga wannan ne faɗin da'irar tsakiya zai fito, ba daga ƙiyasi ba. A ba mutane goma su buga mataki ɗaya na wasa na minti goma sha biyar, a rubuta makinsu, a tambaye su wane yatsa ya gaji.

Kada kuma a wargaza samfurin farko don a cire kayansa. A bar shi yadda yake, a yi masa duk waɗannan awon kafin a taɓa komai, a jera lambobinsa gefen na sabon a tebur ɗaya. Idan mai jarrabawa daga waje ya tambayi dalilin cire Bluetooth ko canja allo, ɗalibi ya buɗe shafin ya nuna masa milisakan nawa aka rage da yatsu nawa suka daina ciwo, sannan ya miƙa masa hannayen biyu ya gwada da kansa.